Ɓarɓashin Roba a Gwiwar Hagu

Litinin

Zuwa ga ƙawata Dama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarki da maigidanta da jikoki duka. Ya ƙarfin jiki, ya kunnen, ya kuma gwiwar? Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.

Na san za ki ce yau wace rana, Hagu ta tuna da biro. Ki yi haƙuri. Da kunnenki na ɗaukar waya da tuni na kira, amma kiran ƙarshe da na yi miki sai da maƙwabta suka leƙo suna tambaya da wa nake faɗa. Shi ya sa na koma takarda yadda kika fi so, ke tsohuwar malamar makaranta. Kada dai ki ɗauko jan biro ki hau gyara mini rubutu.

Wata mai zuwa shekararmu shida cif da kwanciya a ɗakin nan mai gado takwas, ke a bakin taga, ni kusa da ƙofa. Rana ɗaya aka sa mana gwiwar ƙarfe, ke a dama ni a hagu, har nas-nas suka ajiye sunayenmu suka koma kiranmu da ƙafafunmu. To ƙawata, tawa ta fara ba ni matsala, kuma ke ce mutum ta farko da nake faɗa wa gaskiyar tun yaushe ta fara.

Shekara huɗu ke nan tana ciwo. Da farko sai na daɗe a kan keken ɗinki nake ji, daga baya ya zama kullum. Ban faɗa miki ba, ban faɗa wa 'yata ba, wadda kike kira Lauya saboda son musu. Na ce a raina wanda aka yi wa sabuwar gwiwa yana yawo da ƙafarsa, in ya buɗe baki ya yi ƙorafi ai ya yi wa Allah butulci. Sai in shafa man zafi in ɗaure da bandeji in ci gaba da taka feda.

Sati uku da suka wuce ina ɗinkin kayan makaranta na fara jin wani ƙas-ƙas a ciki, kamar an zuba yashi. Washegari ta kumbura har zanena ya ƙi rufuwa daidai. Ranar Alhamis kuma ina saukowa daga bas ta lanƙwashe ta gefe, ba ta gaba ba, sai ga ni zaune a bakin titi jakata a can, takalmina ɗaya a can. Wata mai shago ce ta kira Lauya. Kin san halinta, ba ta ma bari na shiga gida na canja kaya ba, asibiti muka wuce tana tuƙi tana yi mini faɗa kamar ita ta haife ni.

Dogon likitanmu ya yi ritaya. Wadda ke kujerarsa yanzu mace ce 'yar gajera, ba ta da yawan magana, hannunta kuma sanyi ƙalau. Ta matsa nan ta matsa can, ta girgiza ƙafar, na ga ta ɗago ta kalle ni. Sai ta sa aka kawo allura mai tsawon yatsana ta soka a gefen gwiwar, ta zuƙo ruwa sirinji biyu cike. Na zata ruwan zai fito garau. Ya fito a gurɓace, ja-ja ba ja ba, da wasu ƙananan abubuwa suna yawo a ciki. Ta ɗaga sirinjin wajen taga ta daɗe tana kallo.

Abin da ta ce shi ne tana tsoron ƙwayoyin cuta. In su ne, sai an cire ƙarfen gaba ɗaya in zauna watanni ba gwiwa ana ɗura mini magani, kafin a san abin yi. An kai ruwan ɗakin gwaji, kwana goma kafin sakamako. Ta ba ni sanduna biyu ta ce ko yatsan ƙafar kada in ɗora wa nauyi.

Ga ni nan zaune a kujerar da kika sani, ƙafa a kan matashi, keken ɗinkina yana kallona ina kallonsa. Ina jin tsoro, Dama. Ki sa ni a addu'a, ki kuma rubuto mini yadda taki take.

Ki gaishe da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wassalam.

Taki har kullum,
Hagu

Juma'a

Ƙawata Dama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da iyali da fatan an wuni lafiya. Wasiƙarki ta iso, na gode da addu'a, na kuma ga kin ja layi a ƙarƙashin kalmomi uku duk da na roƙe ki. Kin ce kunne yana nan yadda yake, gwiwa kuma da sauƙi. Ki riƙe wannan kalmar a hannunki, a kanta zan yi miki magana.

Jiya muka karɓo sakamako. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Ina jin haka na ɗaga hannu na fara hamdala, Lauya ta rungume ni. Sai muka lura likitar ba ta yi ko murmushi ba, ta juyo mana da allon kwamfutarta.

Hoton ruwan gwiwata ne da aka ɗauka ta madubin likita. Baƙi ne wuluk, amma cike da wasu abubuwa masu ƙyalli, wasu dogaye kamar zaren da ya tsinke, wasu ƙanana kamar garin sukari. Na ce mata ai abin gwanin kyau. Ta ce roba ce. Ashe tsakanin ƙarfen sama da na ƙasa akwai wani faifai na roba mai kauri, shi ƙarfen ke zamewa a kai in mutum yana tafiya. Nawa ya cinye. Duk takun da na yi, duk fedar da na taka, ina goge shi ne yana zuba ɓarɓashi a cikin ruwan. Jiki kuma in ya ga baƙon abu sai ya turo sojojinsa su haɗiye shi. Roba ba ta narkewa, sai su harzuƙa su koma cin ƙashin da ke kusa, yadda gara ke cin ƙofa ta ciki fenti yana nan lafiya lau a waje. Shekaru ke nan ana wannan aikin a ƙafata ina shafa man zafi.

Lauya ta tambaya yaya roba da aka ce za ta kai shekara ashirin ta ƙare a shida. Nan likitar ta jawo fayil ɗina. Wai shekara biyu da rabi da suka wuce masu ƙera robar suka rubuto wa asibiti cewa wani kaso nata ba a rufe shi da kyau ba, iska ta shiga ta lalata shi tun yana cikin kwali. Tamu tana ciki, ni da ke, domin rana ɗaya aka buɗe kwalin aka sa mana. Mutanen da aka sa wa suna da yawa, sai asibiti ya ce a fara kiran waɗanda suka taɓa kawo kukan ciwo ko kumburi a ɗauki hotonsu. Sauran aka ajiye su a layin baya. Ni ina layin baya, saboda fayil ɗina ya nuna ban taɓa jin ciwo ba.

Kin tuna matar nan da ke kira duk wata shida tana tambayar gwiwa? Wadda ta koyi Hausa da girmanta, take lanƙwasa harshe tana cewa ina kwana Mama ko da la'asar ne? Ina son ta, kullum sai na yaba mata Hausarta ta yi ta dariya. To takardar da take cikewa gida uku gare ta: an samu sauƙi, yana nan yadda yake, ya ƙaru. Ta tambaye ni ya gwiwa, in ce da sauƙi, sai ta yi maki a gidan farko. Sau goma sha ɗaya, Dama, na gani da idona, maki goma sha ɗaya a jere. Akwai kuma layin da ke tambaya ko akwai ciwo. Na tuna sarai abin da nake ce mata, ba a rasa ba. Ita kuwa ta ji ba a farko ta ji ba a ƙarshe, sai ta rubuta babu.

Lauya ta hau dokin zuciya ta ce sai an kira matar. Aka kira ta. Ashe ba yarinya ba ce, ta kai arba'in, da tabarau da biro a maƙale a wuya. Lauya ta ce mata ko wanda ke gargara aka tambaya ya jiki da sauƙi zai ce, gaisuwa ce, ba rahoto ba. Matar ta tsaya tsuru-tsuru, ta kalle ni ta kalli sandunana, sai ta tambaye ni a hankali ko duk lokacin nan ina jin ciwo. Na ce mata e, shekara huɗu ke nan. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

Ban san wa zan yi wa fushi ba. Ina yi da masu robar da ban san fuskarsu ba. Ina yi da asibitin da ya raba mu layi biyu. Na yi da matar na kwana ɗaya ya wuce, domin abin da ta ji ta rubuta. Wanda ya ƙi wucewa shi ne wanda nake yi da kaina, don sau da yawa tana kira ƙafar tana kan matashi tana zogi, in ce kada in ɓata wa baiwar Allah lokaci, tana da mutane da yawa da za ta kira.

Talata za a sa ni a babban injin hoto a ga ƙashin da ya rage. Ke kuma ki sa 'yarki ta kai ki a duba ki, kada ki tsaya jiran kira.

A gaishe da jikoki. Wassalam.

Ƙawarki,
Hagu

Lahadi

Dama,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Daga gadon asibiti nake rubuto wannan, in kin ga rubutun ya karkace a kan tiren abinci nake yi. Ba ɗakinmu na da ba ne, an mai da shi ofis. Wannan gado huɗu ne, kuma babu mai surutu irin naki.

Hoton bai yi kyau ba. Likitar ta nuna mini ramuka biyu, ɗaya a ƙashin cinya, ɗaya a ƙashin ƙwauri, na ƙasan ya kai girman ƙwai. Ta ce ƙarfen ba a kan ƙashi yake zaune ba yanzu, a kan ɓawo yake, kuma ta yi mamakin da bai karye ba ranar da na faɗi. Shi ya sa ta hana ni komawa gida. Ko banɗaki sai a keke ake tura ni.

Laraba da safe za a shiga da ni. Takardar da na sa wa hannu layi uku ce, ta karanta mini su ɗaya bayan ɗaya ba ta sassauta ko kalma ba. Na farko, in ta buɗe ta samu ƙashin da zai riƙe, za ta sa sabuwar gwiwa mai dogayen ƙafafu da za su shiga cikin ƙashi. Na biyu, in bai isa ba, za ta zura sandar ƙarfe tun daga cinya har ƙwauri ta haɗe su, ƙafar ta zama sanda ɗaya, ba za ta sake lanƙwasuwa ba har abada. Na uku ba sai na rubuta miki ba, kin gane, in farka babu ƙafar. Ta ce hoto ba ya faɗin komai da komai, sai ta taɓa da hannunta za ta sani, lokacin kuma ina barci, ba za ta tashe ni ta yi shawara da ni ba. Haka na ɗauki biro na sa hannu.

Na sa Lauya ta mayar wa mutane yadikansu, har da kayan makarantar da ban gama ba. Ta ce in bari tukuna, na ce a'a, yara ba za su jira ƙafata ba. Shekara talatin da takwas ina taka fedar nan da ƙafa biyu. Tun jiya nake gwada lanƙwasa gwiwar a ƙarƙashin bargo, kaɗan-kaɗan, duk da ciwon, don kawai in ji tana yi. Ina tunanin sujada, ina tunanin zama a ƙasa in ɗora jikata a cinya. Abubuwan da ban taɓa ƙirga su a cikin arziki ba.

Yanzu ke. Amsarki ta zo, kin cika shafi biyu da addu'a da labarin jikoki, batun zuwa asibiti kuma kin yi kunnen uwar shegu. Amma ni tela ce, ina ganin inda aka yi faci. Kin ce kin dawo ɗakin ƙasa saboda na sama ya cika zafi. Ke da kika yi rigima da surukinki a kan ɗakin saman nan saboda iska? Kin ce kin daina zuwa kasuwa saboda hayaniya, ke da ba kya jin hayaniyar. A wasiƙar bara kin ce kin koma salla a kan kujera, na karanta na wuce, domin ni ma a kujerar nake yi ban faɗa miki ba. Mun yi shekaru muna aika wa juna da sauƙi ta gidan waya, kowace ƙafarta a kan matashi.

In na yi miki laifi a tsawon zamanmu ki yafe mini, ni na yafe miki har da jan biron. Lauya za ta sanar da 'yarki yadda aka yi.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Hagu

Asabar

Zuwa ga ƙawata Dama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da 'yarki da maigidanta da yara, Allah ya sa kowa yana lafiya. Ba zan tambaye ki gwiwa ba a wannan karon.

Yau kwanana goma da fitowa daga tiyata. Na san Lauya ta faɗa wa 'yarki an yi aiki lafiya an gode Allah. Haka ne, amma ba shi ke nan ba, kuma ni na hana ta faɗin sauran don ina so ki ji daga hannuna.

Da na farka abin da na fara yi shi ne ɗaga kai in duba ƙarshen gado. Na ga tudu biyu a ƙarƙashin bargo. Na motsa yatsu suka motsa, na fashe da kuka don murna. Sai na ce bari in ɗan jawo ƙafar. Na ja, na sake ja, na ji duk ƙafar tana so ta taso gaba ɗaya tun daga ƙugu. Na juya na kalli Lauya. Yarinyar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba tun da ta iya magana, ta sunkuyar da kai tana gyara mini matashin da ba ya bukatar gyara.

Layi na biyu ne, Dama. Likitar ta ce ta yi awa biyar tana neman inda za ta kafa sabuwar gwiwar, duk inda ta taɓa sai ya marmashe, jijiyar da ke ɗaga ƙafa ma ta rabu da mazauninta. Ta kawo mini tsohon faifan a cikin kwalba. Ya zama rawaya, gefe ɗaya ya sirance har ana ganin haske ta cikinsa. Ƙafar ta gajarce da yatsa biyu, za a yi mini takalmi mai tudu. Zan iya tafiya, in ji su. In zan zauna sai in miƙe ta a gabana, in zan shiga mota sai kujerar baya ni kaɗai. Ba ni da sauƙi, ƙawata. Ina jin ciwo ƙwarai, zuciyata kuma ta fi ƙafar ciwo, kuma na faɗa wa duk nas ɗin da ta tambaye ni haka, har sun fara kallona.

Matar waya ta zo duba ni sau biyu. Ta ce ta koma ta fito da duk fayil ɗin da ta cike da Hausa, ta samu arba'in da ɗaya irin nawa. Tana sake kiransu ɗaya bayan ɗaya, yanzu ba ta tambayar ya jiki. Tana tambaya yaushe rabonka da hawa bene, a ina kake salla, matashi nawa kake sa wa ƙafar. Ni na ba ta tambayoyin. Na ce mata ta duba mini naki, ta ce doka ta hana ta faɗa mini abin da ke fayil ɗin wani. Amma shekaranjiya ta dawo da ambulan a rufe da sunanki a kai, ta ce 'yarki ke ɗaukar wayar ta tambaye ki ta maimaita mata amsar, don haka ko zan san hanyar da wannan zai isa hannunki ke da kanki. Ga shi nan na haɗa. Na ɗaga shi a hasken taga na karanta, ki yafe mini: Alhamis, ƙarfe tara na safe, hoto da ɗiban ruwa.

Lauya za ta taso da mota ranar Laraba ta ɗauko ki. Na gaya mata ko kin ce ba kya jin abin da take faɗa ta sa ki a motar. Ki zo da kayan kwana uku. Gadon da ke kusa da nawa za a sallami mai shi Talata, na riga na yi wa babbar nas magana.

Na tambayi likitar abu ɗaya kafin ta fita, na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah. Ta ce da na zo lokacin da takardar masu robar ta iso, faifan kawai za ta canja, aikin awa ɗaya, in koma kan kekena bayan wata guda. Ni na makara da shekara biyu da rabi. Ke ban san nawa ya rage miki ba, ita ma ba ta sani ba sai ta ga ruwan.

Sai na gan ki. Wassalam.

Taki,
Hagu